Shagon tsofaffin littattafai na Samaru da abin da lambuna ya samu a cikinsa

Shagon ba shi da allo a ƙofa, don haka ba ni da sunan da zan ba ku. Ɗaki guda ne a cikin layukan Samaru ta Zariya, kusa da kasuwa, tsakanin wani tela da mai gyaran fanka. Ɗaliban jami'a suka fi shigarsa: masu fita su sayar da littattafan da suka gama da su, masu shigowa su saya. Ni kuwa malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ina da lambu a bayan gida wanda tsawonsa bai wuce taku 20 ba, da rijiya, da fangali 14, da mangwaro biyu, da zogale jere a jikin katanga. Abin da yake kai ni shagon tun 2014 shi ne wasu kwalaye uku da ke ƙuryar ɗakin, a ƙarƙashin kanta, inda dattijon mai shagon yake tara duk takardar da ta shafi noma da lambu.

Ranar da na fara zuwa, bayan mun gaisa na ce, "Baba, ko kana da littafin noman tumatir?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, na jarrabawa kike so ko na shuka?"

Na ce na shuka. Sai ya tashi ya jawo mini kujerar roba, ya tura kwali ɗaya gabana da ƙafa, ya ce in duba a hankali, akwai ƙura. Na zauna tun hantsi har aka kira azahar. Wannan tambayar tasa ita ce ta sa na riƙe shagon, domin ta nuna mini ya san kayansa. Littafin da aka rubuta don ɗalibi ya haddace ya zuba wa malami daban yake da wanda za ki buɗe hannunki da laka, kina son sanin tazarar da za ki bari tsakanin dashe da dashe.

Mafi daraja a cikin kwalayen nan su ne 'yan ƙananan ƙasidu na malaman gona, masu shafi 12 ko 20, waɗanda aka ɗinke da ƙusar takarda biyu a tsakiya. Yawancinsu nan Samaru aka buga su. Tun 1922 ake binciken noma a garin nan, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashinta. Ita ce take fitar da irin nan masu farawa da SAM, kamar SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake. Kusa da ita akwai cibiyar NAERLS, wadda aikinta shi ne kai sakamakon bincike ga manoma, kuma ƙasidun da nake magana a kai yawanci nata ne. Akwai kuma 'yan kaɗan daga NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari da aka kafa a Ibadan a 1975, wadda take da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Irin waɗannan takardu ba a cika ganinsu a manyan shagunan littattafai ba. Rabawa ake yi a taron manoma, ko ma'aikaci ya ajiye su a ofis, in ya yi ritaya ko ya rasu iyalinsa su haɗa su da tsofaffin jaridu su ba mai ƙosai. Dattijon nan yana tare su kafin su kai ga kaskon suya. Ya ce mini yana biyan yaran da ke sayen takarda a kilo ɗan wani abu don su ware masa duk wadda suka ga hoton shuka a bangonta. Ko don wannan kaɗai ina yi masa addu'a.

Abin da ya sa nake fifita su a kan manyan littattafai masu hoto mai launi shi ne lokaci. Ƙasidar Samaru tana magana da kalandarmu. Za ta ce ki yafa irin tumatir na rani wajen ƙarshen damina, ki yi dashe bayan mako huɗu zuwa shida, domin fure ya zo daidai da sanyin hunturu, lokacin da dare yake da sanyi kuma furen yake kamawa. In kin makara har zafin Maris da Afrilu ya riske shi yana fure, furen zubewa zai yi ki tashi da ganye. Wannan abu ne da masu lambun bakin kogin Galma suka sani ba tare da takarda ba, amma ni da na shekara 33 a aji ban gaje shi ba, a takarda na fara ganinsa. A cikin ɗaya daga cikinsu ne ma na gane ma'anar haruffan VF da ke jikin gwangwanin irin tumatir ɗin nan mai suna Roma: alama ce cewa irin yana jure wa cututtuka biyu na ƙasa masu sa tumatir ya yi yaushi ya mutu a tsaye. Shekaru ina ganin haruffan ina zaton sunan kamfani ne.

Sai dai akwai aikin da mai ƙaramin lambu zai yi da kansa. Duk awon da ke ciki na hekta ne, domin manomi mai fili aka rubuta wa. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka ce a zuba kamfa kilo 200 a hekta, to giram 20 ke nan a kowane murabba'in mita, fangalina mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai ci giram 60. Na ari sikelin wata maƙwabciyata mai yin kek na auna, na sami wani ɗan gwangwani na yi masa zane da ƙusa daidai inda giram 60 ya tsaya, yanzu shi ne ma'aunina. Tsofaffin ƙasidun kafin a koma awon mita kuma da eka da laba suke magana. Eka ba ta kai rabin hekta ba, murabba'in mita 4,047 ce, kuma abin da suke gajarcewa cwt laba 112 ne, wato kilo 50 da 'yan kai, kusan buhun taki guda. Na rubuta wannan lissafi a cikin bangon kowace ƙasida da fensir, don kada in riƙa maimaita shi kowace shekara.

Yanzu bari in zo kan manyan littattafan ƙasashen waje, domin su suka fi cika ido a shagon, kuma su sabon shiga yake fara ɗauka. Ni ma haka na yi. Na sayi wani ƙato na Ingila mai bango mai kauri, hotunansa kamar ka miƙa hannu ka tsinki kabeji. Na karanta babin albasa na ga wani iri mai girma kamar ƙoƙo, na roƙi ɗan yayata da ke karatu a can ya aiko mini da irin. Na yafa a Oktoba, na yi dashe a Disamba, na ba shi takin awaki da ruwa safe da yamma. Ya yi kore shar, ya yi tsawo har gwiwa. Maris ya zo, maƙwabcina da ya dasa jar albasar nan tamu ta gida ya cire tasa ya baza a inuwa, ni kuwa na tona na tarar da wuya mai kauri kawai, babu kai. Fangali huɗu na lawashi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ruwan nan da guga na ja shi, wata huɗu cur.

Da na koma shagon na ba dattijon labari, bai ce komai ba sai da ya laluba cikin kwali na biyu ya ciro wani littafin Indiya mai takarda ja-ja, ya buɗe mini babin albasa. A nan na ga dalilin. Albasa tsawon yini take bi kafin ta yi kai. Irin ƙasashen sanyi yana jiran yinin da ya kai awa 14 zuwa 16, irin wanda suke samu a lokacin zafinsu. Mu a Zariya muna wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, yininmu duk shekara yana yawo ne a kusa da awa 12, bai taɓa kai wa 13 ba. Ko shekara irin nan zai yi a fangalina ba zai ga yinin da yake jira ba. Wadda ta dace da mu ita ce mai gajeren yini, irin ta Aliero a jihar Kebbi da ta Galmi a Nijar, wadda ta yi suna a duk Afirka ta Yamma. Littafin Ingila bai yi ƙarya ba, mutanen ƙasarsa yake yi wa magana, shi ya sa bai ga dalilin faɗar abin da kowa a can yake ɗauka a sananne ba.

Tun daga ranar na san yadda zan riƙe kowane. Na Turai ba na duba masa wata ko lokaci ko sunan iri. Duk maganarsa ta ƙanƙara ce, da yadda za a nemo wa shuka rana a jikin katanga, alhali ni inuwa nake nemar wa latas da zana. Amma a wajen aikin hannu babu kamarsa. Da zanensa na koyi yi wa mangwaro aure: yadda ake fere reshen kamar bakin gizago ta gefe biyu, a tsaga uwar, a cusa, a tabbatar ɓawo ya haɗu da ɓawo aƙalla ta gefe ɗaya, a naɗe da leda. Na yi bakwai, uku suka kama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda jikokina suke tsinka yanzu. Babin haɗa takin gargajiya ma ya amfane ni, musamman jera ɗanyen ganye da busasshe hawa-hawa da juya tarin, sai dai a nan dole a rufe shi da buhu a riƙa yayyafa ruwa, in ba haka ba iskar hunturu za ta busar da shi ya zauna wata uku bai ruɓe ba.

Littattafan Indiya sun fi kusa da mu. Suna raba shekara gida biyu, kharif na ruwan sama da rabi na sanyi da ban ruwa, wanda ya yi daidai da damina da noman raninmu, kuma suna da kuɓewa da yalo da alayyafo da zogale, waɗanda na Turai ba su san da su ba. Takardarsu ba ta da kyau, hotunan baƙi ƙirin ne, amma ku saya. Na makarantun sakandare da aka rubuta a kudu kuma a yi hattara da kalandarsu. Za ku ga ana maganar ɗan tsagaitawar ruwa a Agusta da shuka ta biyu bayansa. Can ne haka. Mu a nan Agusta ne tsakiyar marka, ruwan da ke sauka a shekara wajen milimita 1,000 ne tsakanin Mayu da Oktoba, kuma kaso mafi tsoka a watan yake sauka.

Abu ɗaya da na fi alfahari da shi a cikin abin da na tara ba na asali ba ne, kwafi ne na inji da aka ɗinke da zare: ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da likitan nan J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, bayan ya yi aiki a Arewa. Kowane suna na Hausa da na kimiyya a gefensa. Shi ne kuma ya rubuta babban littafin tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa zuwa mujalladi shida daga 1985 zuwa 2004. Wancan ban taɓa samunsa a shagon ba, na dai bar sallahu. Wani zai ce me mai fangali 14 za ta yi da sunan Latin? Shi ne mabuɗin sauran littattafan. Lalo ba ya cikin fihirisar littafin Indiya, amma Corchorus yana nan, da shafi uku a kansa. Da sunayen nan na gane rama da yakuwa 'yan uwan juna ne, dukansu Hibiscus, kuma kuɓewa da auduga danginsu ne. Haka tumatir da gauta da yalo da attarugu da tattasai da dankalin turawa, gida ɗaya suka fito. Da can in na cire tumatir sai in dasa attarugu a gurbinsa ina ganin na sauya shuka, ashe cutar da ke ƙasar abincinta na sake kawo mata. Saiwoyin sukan fito da ƙulle-ƙulle kamar carbi. Yanzu bayan tumatir sai albasa ko masara, kuma na zana taswirar fangalin a bayan kwafin, ina rubuta abin da kowanne ya ci shekara-shekara.

Wasu sunayen na ciki ko mahaifiyata ta daina faɗarsu kafin ta rasu. Nakan karanta wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Katsina, ta riƙa cewa wannan ta san shi, a bakin rafi yake fitowa, wancan kuwa a garinsu ba haka ake kiransa ba. Abin da ta gyara ina rubutawa a gefe.

To, ga inda shagon ya gaza, kuma zan faɗa ba ɓoye-ɓoye domin na faɗa wa mai shi a gabansa.

Na farko shi ne adana. Kwalayen a ƙasa suke, a kan siminti, kuma a marka ɗakin yana tsatsafo. Na sha ɗaga ƙasida in ga gara ta ci rabin ƙasanta, ko shafuka sun manne sun yi baƙin tabo. Wata ta noman karas da na daɗe ina nema haka na same ta, jadawalin tazara da na taki duk sun tafi. Na ce, "Baba, bulo huɗu da katako ɗaya za su raba ka da wannan asarar." Ya ce in sha Allahu. An yi damina biyu kafin ya ɗora su a kan benci, kuma har yau kwali na uku yana ƙasa. Babu jerin abin da ke akwai, babu tsari, ƙasidar kiwon zomo tana kwance a kan ta lemu. In kina sauri kada ki je. Kwafin injin da yake sayarwa kuma sai an ƙirga shafi kafin a biya. Na taɓa kai wani kwafi gida na tarar daga shafi na 16 an tsallaka zuwa na 25, daidai babin kwari. Da na mayar ya karɓa ba musu, ya ba ni haƙuri, ya sa aka sake bugawa, amma sai da na yi sawu uku.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Tsofaffin ƙasidun suna ba da shawarar magungunan kwari da yanzu aka san illarsu: DDT, da aldrin, da dieldrin, da Gammalin 20 wanda iyayenmu suka sani. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa ukun farko cikin gubar da duniya ta amince a kawar ko a taƙaita, sinadarin da ke cikin Gammalin kuma aka ƙara shi a 2009. Takardar da aka buga a shekarun 1970 ba ta san da haka ba, tana nan tana cewa a dama kaza a galan kaza a fesa wa kabeji. Dattijon ba ya gargaɗin mai saye. Na roƙe shi ya riƙa faɗa, ya ce shi takarda yake sayarwa, ba magani ba. Ban yarda da wannan amsa ba, domin yaro mai neman na kansa zai iya ɗaukar ƙasidar ya tafi kasuwa neman abin da ta ambata, kuma alayyafon da zai fesa wa a tukunyar mutane zai ƙare. Nawa dai duk na bi su da jan biro na soke waɗannan layuka, saboda ban san hannun da za su faɗa ba bayan raina. Darɓa in ta sauka wa kuɓewata, 'ya'yan dogon yaro nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu in fesa da yamma.

Akwai kuma abin da ba laifin shago ba ne, iyakar tsohon littafi ce. A 2016 tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Nawa ma bai tsira ba. Ganyen ya yi fari-fari kamar an kankare cikinsa an bar fatar, 'ya'yan kuma da ƙananan huji kusa da hanci. Na baje duk abin da na tara a tabarma, dare biyu ina bincike, babu ko layi ɗaya a kanta. Ba za a samu ba, domin asalinta daga Kudancin Amurka ne, sai a 2006 ta shigo Sifaniya, daga can ta gangaro mana. Sunanta Tuta absoluta a rediyo na fara jinsa. Abin da na koya daga baya, na tsinke ganyen da ya kamu a ƙone shi, da kwashe karan tumatir gaba ɗaya bayan girbi, da barin fangalin ya huta daga danginsa, na rubuta shi da hannuna a farar takarda na manna a ƙarshen ƙasidar tumatir, da kwanan wata.

Ƙasidun Hausa su ne ƙalilan, kuma wannan yana damuna. A shekarun nan duka guda biyar na samu, kuma su ne suka fi yawo a unguwa, har ɗaya ta dawo mini da tabon manja. Matan da muke haɗuwa a islamiyya da yawa suna da buhunan shuka a tsakar gida, suna karanta Hausa sarai, amma Turancin ƙasida ya fi ƙarfinsu. Nakan zauna in juya musu baki da baki.

Farashi ba ya da tsanani. Ƙaramar ƙasida ba ta kai kuɗin mudun gero ba, manyan na waje kuma ana ciniki, kuma yana ragi in kin haɗa da yawa. Bai taɓa ganin ina son abu ya ɗaga masa kuɗi ba, ko ranar da ya ga hannuna yana rawa a kan ƙamus ɗin nan. Yana buɗewa da hantsi, yana rufewa lokacin salla, ranar Juma'a kuma sai bayan la'asar. Lokacin da ya fi samun sabon kaya shi ne ƙarshen zangon karatu, sa'ad da ɗaliban aikin gona suke kwashe ɗakunansu.

Ki tafi da tsumma da abin rufe hanci. In kin kawo su gida kada ki haɗa su da sauran littattafanki nan take: ki shanya su a rana yini guda, ki kaɗe kowane shafi, domin ƙwan kwari yana zuwa a cikin ɗinki. Nawa a akwatin ƙarfe suke, a kan bulo, da busasshen ganyen dogon yaro a ƙasa da kafur a kusurwa. Guda 63 ne yanzu. Waɗanda nake fita da su lambu guda shida ne, na sa wa kowanne rigar leda, suna rataye a jaka a jikin ƙusa kusa da rijiya.

Makon jiya da na leƙa ya ce, "Hajiya, an kawo wani buhu daga gidan wani tsohon malamin gona a Shika, ban kwance ba tukuna, ki dawo Asabar." Na ce ya ɗora shi a kan benci kafin nan, kada ya kwana a ƙasa. Irin albasata na bana yana da mako uku a fangalin reno, jar ta gida ce, kuma ina fatan a cikin buhun nan a sami wata ƙasidar karas mai cikakken jadawali kafin lokacin yafa shi ya wuce.